Yadda Na Sa Baki a Shari'ar Makau

Da sunan Wanda ya tsaga baki, ya shimfiɗa masa harshe, ya kewaye shi da haƙora don ya san iyakarsa. Ku matso, jama'a, ku ajiye abin da ke hannunku. Ni Jatau ɗan Barmo, wanda masoya ke kira Zaƙin-Baki, maƙiya kuma ke kira abin da ba zan maimaita ba, zan ba ku labarin tafiyata ta huɗu, wadda na fita da baki ɗaya, na kusa dawowa babu ko ɗaya.

Zalunci ne ya fitar da ni daga garinmu, ku shaida. Shekara ashirin ina raba faɗa a garin nan, in kuma faɗan ya yi ƙaranci in haɗa wani don kada hannuna ya manta. Da Sarkin Baki ya rasu, kowa ya san ni ne magaji. Har rawani na tanada, kamu goma sha biyu, aka buga shi yana ɗaukar ido. Sai aka naɗa Audi, mutumin da in ya yi sallama sai an tambaye shi me ya ce. Na naɗa rawanina da kaina, na ce da matata Hansai ta gaya wa duk mai nemana na tafi inda aka san darajar mutane.

Ta ce, "In ka sami wurin ka aiko, ni ma in zo in gani."

Wata uku ina tafiya. Na ratsa Dajin Ƙaho, inda itatuwa ke tunkuyin matafiyi. Na kewaye Dutse Mai Atishawa da mayafi a ka. Ranar da takalmina na biyu ya huje, na iso bakin Tafkin Shiru, na sami wani tsoho mai suna Gwadabe da jirginsa mai babban ƙyalle a kan sanda, irin wanda iska ke turawa. Ya ce zai kai ni Birnin Furuci a tsallake, amma in ji gargaɗi tukuna.

"Baƙo, daga tsakiyar tafkin nan zuwa gaba, magana jiki gare ta. In ka yi ƙarya, hayaƙi zai fito maka. In ka cika baki, iska ce. In ka yi ƙorafi, wani jan tsuntsu zai fito daga maƙogwaronka, ya tashi ya nemi wanda ya yi maka laifin, ya zauna masa a ka."

Na ce, "Baba, ai ni mutum ne mai ƙarancin magana."

Ya ce, "Ka gode Allah ba mu kai tsakiya ba."

Muna kaiwa tsakiya kuwa iska ta ɗauke. Ƙyalle ya langaɓe. Ruwa ya fara jan mu zuwa wani rami da yake juyawa yana haɗiye duk abin da ya kusance shi. Gwadabe ya yi tuƙi har ya gaji, sannan ya dube ni daga rawani zuwa takalmi.

"Baƙo, ka iya cika baki?"

"Ni? Kunya gare ni."

Hayaƙi ya turnuƙe jirgin har muka daina ganin juna. Ta cikinsa na ji tsohon yana tari yana cewa, "Tsaya bayan ƙyallen nan, ka gaya masa kai wane ne!"

Na tsaya, na gyara murya. Na ce ni ne Jatau wanda ya yi wa kurma waƙa ya yi kuka. Ƙyalle ya motsa. Na ce ni ne na sasanta kura da mahauci har suka yi zumunci. Ƙyalle ya cika. Da na kai ga yadda mata ke leƙowa ta katanga in na wuce, jirgin ya tashi kamar an harbo shi, ya tsallake ramin, ya tsaga tafkin, bai tsaya ba sai cikin ragar busar da kifi a gaɓar birnin. Na sauka da ƙaya a gemu, amma zuciyata fes. Na ce a raina, ga ƙasar da bakina ke tuƙa jirgi. Nan ne za a san ni.

Mashigin birnin shiru yake, ko da yake hantsi ne. An shimfiɗa tabarmi tara a jere a bakin ruwa, kowace da takalmi ƙafa biyu a kanta, na kan ɗaya ƙanana ne ƙwarai. Ban tambayi ma'anarsu ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne babu wanda ya kalli rawanina.

A gindin wata doguwar hasumiya na ga ɗaki mai ƙofar ƙarfe, dogari na zaune a gefe. Wani mutum a ciki ya kira ni.

"Malam baƙo, kai kaɗai ne ba ka ji labarina ba. Ka tsaya."

Sunansa Makau. Shekara goma sha tara yana gadin mashigin nan daga kadoji, da wata bindiga mai baki bakwai da gari ya ba shi. Wata rana ya shiga ruwa ya ceci wani, kada ya tafi da naman ƙafarsa. Da ya warke yana ɗingishi, sai aka fara kiransa Ragowar Kada. Sarkin Ruwa, shugaban masu jirage, ya cire shi ya ba ɗan ƙanwarsa aikin. Ya aika tsuntsayen ƙorafinsa har muryarsa ta dushe, amma manyan birnin sun saba, malafa mai faɗi suke sawa, bayi na kore musu tsuntsayen.

Ya ce, "Ba wanda ya saurari bakina. Sai na ce bari su ji bakin bindiga."

Ranar kasuwa da safe ya hau hasumiyar, ya juya bindigar zuwa mashigi, ya saki. Mutum tara. Masu tabarmin nan ke nan.

Duk tsawon labarin ko zaren hayaƙi bai fito masa ba. Gaskiya yake faɗa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ba tara ɗin na ji ba. Goma sha taran na ji, da ɗan ƙanwar da aka naɗa. Audi na gani tsaye a gabana da rawanin da ya kamata ya zama nawa.

Na ce, "To me ya sa ba a yi maka shari'a ba?"

Dogari ya amsa. "Wanda ya zubar da jini, tsuntsunsa ba ya ƙara tashi. Sai an sami wanda zai faɗa masa ƙorafinsa a dandali. Kwana arba'in ke nan, ba wanda ya yarda."

Na daki ƙirji. "Gari guda babu mai tausayi? To ni zan sa baki."

A garinmu, in ka ce za ka sa baki, ka ce a yi haƙuri ke nan, ka sha furar masu gida, ka tafi. Dogarin ya miƙe tsaye.

"Ka ce me?"

"Na ce zan sa baki."

Ya tsoma yatsa cikin wani ɗan kasko, ya shafa mini jar ƙasa a leɓe, ya ɗaga murya: "Baƙo ya sa baki!" Sannan ya kama hannuna da ladabi ya kai ni wani ɗaki a bayan hasumiya. Tuluna ne jere har rufi, kowane an toshe shi, kowane yana gunaguni ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Mene ne a ciki?"

"Bakunan waɗanda suka sa baki suka faɗi. In ka wanke Makau, za a naɗa ka Sarkin Bakin birnin nan. In ka kasa, ga naka can, an riga an wanke shi."

Na ce, "Ɗan'uwa, ai a wajenmu ba haka ake nufi ba."

Ya ce, "A wajenmu haka ake nufi. In ka sa abu, ka sa shi."

Na shafa bakina. Ban taɓa sanin yana da laushi haka ba. Na koma wurin Makau da sauri na ce ya gaya mini laifin da kowane cikin taran ya yi masa, ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Sun wulaƙanta ni."

"Su wa?"

"Su mana. Mutanen garin."

"Sunayensu nake so, Makau. Bakina ne a cikin haɗari, ba naka ba."

Biyu ya iya kawowa, su ma ba sa cikin taran.

Washegari da hantsi aka taru a dandali. Aka ɗauko tabarmi tara da takalmansu aka jera a tsakiya, dangin kowane a bayan tasa. Sarkin Ruwa ya zauna can gefe, an tilasta masa cire malafa. Mai yanke hukunci wata tsohuwa ce ƙarama da ake kira Magajiya, ba ta kai kafaɗata ba, amma da ta dube ni sai na ji rawanina ya yi mini yawa.

Ta ce, "Baƙo, ƙa'ida ɗaya ce. Ka faɗi ƙorafinsa. Mu ga inda tsuntsaye za su sauka, sannan mu ga ko abin da suka ɗauko ya kai rai."

Na ce, "Ranki ya daɗe, an gama." Na buɗe hannuwa kamar yadda na saba, na ce, "Jama'a, wannan bawan Allah sun cuce shi! Sun wulaƙanta shi!"

Tsuntsu ya fito mini ta maƙogwaro, ja wur, da ƙaiƙayi kamar na haɗiyi gashin masara. Ya tashi sama, ya kewaya dandali sau uku, ya duba nan ya duba can, ya rasa inda zai sauka. Ya faɗo ƙasa a gajiye.

Magajiya ta ce, "A garin nan ba mu da mai suna Su. Sake."

Na share gumi. Na ce an raba shi da aikin da ya ba ƙafarsa. Tsuntsu ya fito, bai yi wata-wata ba, ya dira a tsakiyar kan Sarkin Ruwa. Na ce ya je ƙofa uku neman a saurare shi, ba a buɗe ba. Tsuntsaye uku suka fito a jere, suka sauka kan wasu dattawa uku masu manyan riguna. Na ce an hana shi ko ganyen magani lokacin da ƙafar ke ruɓa. Wannan ma kan Sarkin Ruwa. Kafin in gama, mutumin ya koma kamar bishiyar da tsuntsaye ke kwana a kai. Jama'a suka fara gunaguni, ni kuma na fara jin daɗin muryata.

Magajiya ta ce, "Ƙorafin gaskiya ne, mun gani. Waɗannan huɗun za su amsa nasu, yau ɗin nan. Amma baƙo, dubi tabarmin."

Na duba. Babu tsuntsu ko ɗaya a kansu. Duk waɗanda tsuntsayen suka zaɓa suna zaune da ransu, suna numfashi.

Ina jin gunagunin tulunan nan a kunnena. Saura ƙorafi ɗaya a hannuna, na jefa shi da ƙarfin tsiya.

"An yi masa dariya! An kira shi Ragowar Kada!"

Tsuntsaye suka fito da yawa, suka watsu cikin taron, wasu mutane suka sunkuyar da kai. Ɗaya kuwa ya yi ƙasa-ƙasa, ya bi layin tabarmi, ya sauka a kan wani tsohon takalmin fata a tabarma ta shida.

Ku ji abin kunya. Na yi tsalle. Ni, da furfura a gemu, a gaban mutanen da aka kashe wa 'yan'uwa, na yi tsalle na ce, "Ga shi! Ga shi nan! Ranki ya daɗe, kin gani!"

Wata mata ta taso daga bayan tabarmar. Doguwa ce, hannunta duk tabon wuƙar gyaran kifi. Ta ce sunanta Kuluwa, takalmin na mijinta Ilu ne, mai soya kifi a mashigi.

Ta ce, "Sauko, malam, kada ka karye. Tsuntsun bai yi ƙarya ba. Ilu ya kira shi haka, a gabana ma. Na ce masa bakinka zai ja maka. Mutum ne da bai san inda wasa ke tsayawa ba. Ni kaina Tsohuwar Raga yake ce mini, shekara ashirin da biyu." Ta juya wurin Magajiya. "Iya, in mutum ya yi wa wani dariyar da ta yi masa ciwo, me ke kansa a garin nan?"

Magajiya ta ce, "Ya je har gida, ya cire takalmi, ya ba shi haƙuri a gaban shaidu."

Kuluwa ta ce, "To." Ta sunkuya ta ɗauki takalman, tsuntsun na bisa, ta taka har gaban Makau ta ajiye. "Ga shi ya cire. Kana da gaskiya, Makau, ya kamata ya ba ka haƙuri. Tashe shi ya ba ka."



Ta ce, "Tashe shi mana. Ni ma ina da abin da zan gaya masa. Da safen nan mun rabu ina yi masa faɗa a kan gishiri."

Makau ya kalli takalman. Sannan ya kalli ƙananan da ke tabarma ta tara, ya tambaya da wata murya da ban san yana da ita ba, "Waɗancan na wane ne?"

Wani mutum a bayan tabarmar ya ce, "Na Ladiyo ne. Kai ka fitar da ni daga bakin kada, Makau. 'Yata ce."

Makau ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannuwa.

Magajiya ta yanke hukunci a taƙaice. Makau zai ƙare kwanakinsa a bayan ƙofar ƙarfe. Bindiga mai baki bakwai a jefa ta ramin tafki. Sarkin Ruwa a sauke shi, shi da dattawan uku su zauna da tsuntsayensu a ka, babu malafa, har sai sun je sun faɗi laifinsu. Sannan ta dube ni.

"Saura baƙo. A kawo tulu."

A nan ne na nuna gwanintar da ake labari. Na ce, "Ranki ya daɗe, a duba maganata da kyau. Cewa na yi zan sa baki. Ban ce a ɓangaren wa ba. Tun farko ni ina tare da waɗannan bayin Allah."

Hayaƙin da ya fito mini, jama'a, an ce masunta sun gan shi daga tsakiyar tafki sun zaci gobara ce. Magajiya ta yi ta fifita da gefen mayafi. Dogari ya iso da tulun, ya cire marfi, ya ce in sunkuyo.

Kuluwa ta ce, "Iya, bakin da ya faɗi, na wa ne?"

"Na masu makoki ne. Tulu ajiya ce kawai."

"To a bar mini shi a jikinsa, ina da aiki da shi. Kwana arba'in garin nan ba a maganar kowa sai Makau. Me aka yi wa Makau, me ya tunzura Makau. Har baƙo ya sauka jiya ya san girman ciwon ƙafarsa, bai san sunan mutum ɗaya a tabarmin nan ba." Ta nuna ni da haɓa. "Wannan na ga ba ya gajiya da surutu. Ya bi gidajen nan tara, ya zauna, ya ji su wane ne. Sannan ya tsaya a mashigi ya faɗa wa duk wanda ya sauka. Ranar da ya faɗe su duka babu hayaƙi babu iska, na sake shi."

Na ce, "Baiwar Allah, babu iska ko kaɗan? Ai magana ba ta daɗi sai da ɗan..."

Ta ce, "Dogari, kawo tulun."

Na ce na yarda.

Na zaci aikin kwana uku ne. Wata biyu na yi. Matsalar ita ce sai na yi shiru kafin in ji, ni kuwa ban taɓa koyon wannan ba. Sannan in na zo faɗa, sai hannuna ya ƙara gishiri da kansa. Na ce Ilu mutum ne mai kamun baki, hayaƙi. Na ce kifinsa ya fi na kowa a duniya, iska ta kwashe wa wata mata faifai. Kuluwa na zaune a gefe tana gyaran kifi, ba ta ko ɗaga kai, sai ta ce, "Sake."

Ranar da na gama, ga abin da na faɗa. Ilu yana cika gishiri, yana kuma ba almajiri kan kifi kyauta yana zaginsa. Ladiyo tana tsoron awaki, ta iya yin fito da yatsa biyu a baki. Tsohuwa Yalwa ta zo mashigi ne kawai don ta ga ko ɗanta ya dawo. Haka har tara, kowa da ɗan abinsa. Iska ba ta motsa ba, sama ta tsaya garau. Kuluwa ta tsoma tsumma a ruwa ta goge mini jar ƙasar da ke leɓena.

Ta ce, "Tafi da abinka. Ka riƙa rufe shi lokaci-lokaci, ya huta."

Har gobe ina cewa dabarata ce ta fitar da ni, kuma tunda nan ba Birnin Furuci ba ne, ba mai ganin hayaƙi.

Gwadabe ya ɗauke ni don komawa gida. Kafin mu kai tsakiyar tafki, inda magana ke rasa jikinta, sai wani tunani ya zo mini. Na ce, "Baba, dakata. Ina da ƙorafi bakwai a kan mutanen garinmu. Bari in aika musu, su san ban manta ba."

Ya ce, "Da ka bari."

Ban bari ba. Na tsaya na zazzage su duka, daga naɗin Audi har maganar da Hansai ta gaya mini a bakin ƙofa. Tsuntsaye bakwai suka fito, suka yi sama. Ɗaya ya miƙe gabas, ban san kan wa ya nufa ba, ina fata Audi ne. Shida suka yi kewaye ɗaya, suka dawo, suka jeru a kan rawanina. Kuma ba zama kawai suka yi ba.

Gwadabe ya ce, "In wanke maka?"

Na ce ya tuƙa jirginsa.

Wannan shi ne rawanin, ga tabon nan kuna gani, an wanke ya ƙi fita. Da na isa gida Hansai ta dube shi ta ce, "Ashe ka sami wurin."

Iyakar abin da ya faru ke nan. In akwai ƙari a ciki, iska ce, ku bar ta ta wuce. Sunayen nan tara dai ba ƙari a cikinsu, kuma duk wanda ya zauna zan faɗa masa su.